Fashin baƙi kan ƙananan fina-finan Japan masu feshin jini da ban dariya

Tambayar da take yawan tasowa duk lokacin da guntun bidiyon irin waɗannan fina-finai ya faɗo Facebook ko TikTok, ko wani ya turo shi guruf ɗin WhatsApp, ita ce wai su mutanen Japan lafiyarsu ƙalau kuwa? Za ka ga yarinya da kayan makaranta an sare mata hannu jini yana feshi sama har yana wanke gilashin kyamara, can an jima sai ga ta an ɗaura mata bindiga mai jigida a dungulmin hannun tana ta ɓarin wuta, a wani fim ɗin kuma curin shinkafa da ɗanyen kifi ne suka yi haƙora suna tashi sama suna cizon mutane a wuya. Wani ya kalla ya yi salati, wani ya rantse da gaske aka kashe mutumin, wani ya ce tsafi ne, wani kuma dariya ce ta kama shi sai daga baya ya ji ba daɗi don ya yi dariyar. To su waye suke yin waɗannan fina-finai, wa yake ba su kuɗi, me ya sa jinin yake yawa haka, kuma a ina ainihin abin damuwar yake?

Wane irin fim ake magana a kai

Da yawanmu in aka ce fim ɗin ban tsoro na Japan abin da yake zuwa mana rai shi ne fatalwar mace mai dogon gashi da ya rufe mata fuska, irin ta Ringu na 1998 wanda Hideo Nakata ya ba da umarni, ko Ju-on na Takashi Shimizu, waɗanda Amurkawa suka sake yi da Turanci a 2002 da 2004. Waɗancan kusan babu jini a cikinsu, shiru ne da duhu da fargabar abin da zai ɓullo. Wanda muke magana a kai yau ya sha bamban da su. Turawa suna ce masa splatter, wato fim ɗin da jini da yanka su ne abin da aka zo nunawa, sannan aka cakuɗa shi da barkwanci da gangan. Babu ɓoye-ɓoye, fitila a kunne take tar, mugu yana da kaya masu ƙyalli, jaruma tana faɗin magana mai zafi kafin ta yi sara, kuma duk abin da aka sara sai ya yi feshi fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Akwai kuma nau'i na uku da mutane suke haɗawa da shi alhali ba ɗaya ba ne, shi ne fim ɗin azabtarwa zalla wanda ba dariya a cikinsa ko kaɗan, an kama mutum ana gana masa uƙuba ana so mai kallo ya ji kamar gaske. Misali Grotesque na 2009, wanda hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ƙi ba shi lasisi gaba ɗaya a shekarar. Raba waɗannan ukun shi ne matakin farko, don hukuncin da mutum zai yanke wa ɗaya ba lallai ya hau ɗayan ba.

Sannan ƙananan fina-finai ne ta fuskar kuɗi. Ba manyan jarumai, ba manyan gine-gine, yawanci a tsohuwar masana'anta ko sito ko daji ake zuwa lokeshan, a gama ɗauka cikin kamar sati biyu.

Jinin ya girmi kyamara

Ba jiya aka fara ba. Tun zamanin da Tokyo take amsa sunan Edo, wasan dandamali na kabuki yana da fitowar kisa da ake tsara ta kamar rawa, ana amfani da jan launi da jan ƙyalle a madadin jini, 'yan kallo sun san wasa ne kuma kyan tsarin suke kallo. A wajajen 1866 zuwa 1867 mai zane Tsukioka Yoshitoshi da abokin aikinsa Yoshiiku suka fitar da jerin zanuka 28 na shahararrun kashe-kashe, jini male-male a takarda, ana sayarwa a kasuwa. A shekarun 1920 da 1930 kuma aka yi wani yayi a mujallu da littattafai da suke kira ero guro nansensu, haɗakar batsa da abin ƙyama da shirme, wanda ya bar tabonsa a littattafan zane na manga har yau.

A fim kuwa, wurin da masana suka fi nunawa shi ne ƙarshen Sanjuro na Akira Kurosawa a 1962. Jaruman fim ɗin, Toshiro Mifune da Tatsuya Nakadai, suna tsaye gaba da gaba, an daɗe ba wanda ya motsa, sai sara ɗaya tak, jini ya yi tsartuwa daga ƙirjin Nakadai da ƙarfin da ba a taɓa gani ba a irin wannan fim. Kurosawa fa ba ƙaramin darakta ba ne, shi ne sunan da duniya ta fi sani daga Japan, kuma fim ɗin baƙi da fari ne. Daga nan fina-finan takobi na shekarun 1970 irin su Lone Wolf and Cub da Lady Snowblood suka mayar da feshin jini ya zama salo, har daraktan Amurka Quentin Tarantino ya zo ya ara ya zuba a Kill Bill a 2003. Saboda haka yaron da ya taso a Japan a shekarun 1970 da 1980 ya saba ganin jini a fim a matsayin ado irin na dandamali, kamar yadda ya saba ganin mutum cikin rigar roba yana rusa garin kwali a fina-finan dodanni. Yaran wannan zamani su ne suka girma suka zama daraktocin da muke magana a kansu.

Kaset, FBI, da shari'ar da ta girgiza ƙasar

Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 shi ya buɗe ƙofa, domin yanzu ba sai fim ya bi ta sinima ba, shagon haya ya ishe shi. A 1985 aka fara fitar da wasu gajerun fina-finai masu suna Guinea Pig, na biyunsu wani mai zanen manga ne Hideshi Hino ya yi shi, kuma an tsara shi ya yi kama da bidiyon kisa na gaske. A 1991 kwafin wannan fim ya faɗa hannun jarumin Amurka Charlie Sheen, ya kalla ya tabbata a ransa mace aka kashe da gaske, ya kai maganar ga FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Bincike ya tsaya ne bayan an ga cewa dabara ce, akwai ma bidiyon bayan fage da ya nuna yadda aka ƙera gaɓoɓin roba. To in ɗan fim na Hollywood wanda ya tashi a gidan 'yan fim zai ruɗu haka, ba abin mamaki ba ne don wani a Kano ko Maraɗi ya ga daƙiƙa talatin a waya ya ɗauka gaske ne.

Amma abin da ya fi wannan nauyi ya faru ne a cikin Japan ɗin. A 1989 aka kama wani matashi Tsutomu Miyazaki da laifin kashe ƙananan yara mata huɗu a yankin Tokyo da Saitama. Da aka shiga ɗakinsa aka tarar da kaset ɗin bidiyo kusan 6,000, jaridu da talabijin suka yi ta nuna hoton ɗakin suna danganta ta'asar da fina-finan jini da zane-zanen da yake tarawa, sunan Guinea Pig ya fito a cikin maganar. Hankalin iyaye ya tashi, shagunan haya da yawa suka janye irin waɗannan kaset, aka shiga yi wa duk matashin da ya cika son bidiyo da manga wani irin kallo. An zartar wa Miyazaki hukuncin kisa a 2008. Wannan ya nuna cewa muhawarar da muke yi yanzu su ma sun yi ta, kuma da zafi, kar wani ya ɗauka duk mutumin Japan yana maraba da irin wannan kallo.

A daidai wannan lokaci, 1989, kamfanin Toei ya ƙaddamar da V-Cinema, fina-finan da ake yi kai tsaye don kaset. Sharaɗin mai sauƙi ne, ga ɗan kuɗi, ga 'yan kwanaki, ka kawo abin da za a iya sa wa hoto mai jan ido a bango, sauran kuma ya rage naka. A wannan makaranta Takashi Miike ya goge, mutumin da yake iya fitar da fim huɗu ko biyar a shekara ɗaya. A 1989 ɗin ne kuma Shinya Tsukamoto ya fitar da Tetsuo, ɗan ƙaramin fim baƙi da fari game da mutumin da jikinsa yake rikiɗewa ya koma ƙarfe, kuma wannan tunani na nama da ƙarfe su haɗe shi ne uban duk hannun bindiga da ƙafar zarto da aka gani daga baya.

Kuɗin daga Amurka ya zo

Nan ne wurin da yawancin mutane ba su sani ba, kuma a ganina shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya. Fina-finai biyu da suka fi yi wa wannan salo suna a duniya duk a 2008 suka fito, The Machine Girl na Noboru Iguchi, wato na yarinyar nan mai bindiga a hannu da take ɗaukar fansar ƙaninta, da Tokyo Gore Police na Yoshihiro Nishimura. Dukkansu biyun da kuɗin wani kamfanin sayar da faifan DVD na Amurka aka yi su, Media Blasters, wanda ya lura cewa akwai matasa a Amurka da Turai da suke sayen duk wani faifai in dai an ce musu na Japan ne kuma ya wuce gona da iri. Maimakon ya tsaya jiran a yi fim ya saya, sai ya ba da kuɗi a yi masa irin wanda kwastomominsa suke so.

Shi ya sa in ka lura za ka ga an cusa duk wani abu da baƙo yake tunawa in an ambaci Japan, ninja, 'yan dabar yakuza, geisha (matan da suke nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawar gargajiya), takobin samurai, kayan 'yan makaranta, sushi. Iguchi ya yi RoboGeisha a 2009, ya yi Dead Sushi a 2012, wanda shi ne na abincin da yake cizon mutane. Sunayen kaɗai sun isa su gaya maka wa ake yi wa tallan. A 2010 kamfanin Nikkatsu, wanda aka kafa tun 1912 kuma shi ne mafi tsufa cikin manyan kamfanonin fim na ƙasar, ya buɗe wani reshe mai suna Sushi Typhoon ƙarƙashin furodusa Yoshinori Chiba, da niyyar kasuwar waje ƙarara. Suka fitar da fina-finai bakwai tsakanin 2010 da 2011, irin su Helldriver da Mutant Girls Squad da Yakuza Weapon, daga nan abin ya yi sanyi, don kasuwar DVD da take ɗauke da su ta riga ta fara mutuwa.

Inda suka fi samun tafi shi ne bukukuwan fina-finai na waje, Fantasia a Montreal ta Kanada, da Fantastic Fest a Texas, da bikin fina-finan Asiya na New York, da Sitges a Sifaniya, inda ake nuna su da tsakar dare mutane suna ihu suna shewa tare. A gida Japan kuwa ƙananan gidajen sinima ne suke haska su na ɗan lokaci. Abin da ainihin jama'ar Japan suke cika sinima su kalla shi ne fina-finan zane, da na soyayya, da waɗanda aka ciro daga wasannin talabijin. Wanda ya auna mutum sama da miliyan 120 da waɗannan fina-finai ya zalunce su wallahi, domin akasarinsu ba su taɓa jin sunan Iguchi ko Nishimura ba.

Me ya sa jini, me ya sa da yawa

Amsa ta farko kuɗi ne. In kana da miliyoyin daloli za ka iya kifar da motoci, ka rusa gada, ka ɗauko jarumin da sunansa kaɗai zai sayar da fim. In ba ka da su fa? Jinin fim ruwa ne da jan kala da wani abu mai yauƙi irin ruwan sikari da yake ba shi kauri, sai siririn tiyo da ake ɓoyewa cikin riga ko cikin hannun roba, sai famfo ko tukunyar iska da wani yake dannawa daga bayan kyamara. Gaɓoɓin kuma da roba da silikon ake zuba su a kan sifar jikin ɗan wasan. Duk wannan bai kai kuɗin hayar babban jarumi na yini ɗaya ba, amma a allo yana cika ido, kuma in aka yanko shi aka sa a talla sai ya tsayar da mai wucewa.

Nishimura kansa asalinsa ba darakta ba ne, mai kwalliyar fim ne da ƙera gaɓoɓi, shi ya yi wa The Machine Girl nata, kuma Tokyo Gore Police ya samo asali ne daga wani ƙaramin fim nasa na 1995 da ya ci kyauta a bikin Yubari da ake yi a tsibirin Hokkaido. Ƙwarewarsa ta kai har an kira shi aiki a babban fim irin Shin Godzilla na 2016. Ni wannan ɓangaren ne yake burge ni, domin aikin hannu ne na gaske, mutum ya kwana yana sassaƙa da fenti saboda abin da za a fasa cikin daƙiƙa uku, kuma in an ɓata ɗauka sai an wanke ɗaki da kaya da 'yan wasa kaf kafin a sake, ga shi kuma babu isasshen lokaci.

Amsa ta biyu ita ce yawan jinin shi ne yake kashe tsoron. Jinin da yake jikin babban mutum bai wuce kamar lita biyar ba. In aka nuna ɗan yanka a yatsa jini yana ɗiga a hankali, jikinka zai yi yar don ka san wannan zafin. Amma in aka cire kai jini ya yi ta feshi na tsawon minti guda kamar bututun ruwa ya fashe a unguwa, jaruma ta buɗe lema tana tafiya a ƙarƙashinsa, ƙwaƙwalwarka ta riga ta gaya maka wannan ƙarya ce, sai fargabar da ta taru ta fita ta hanyar dariya. Da gangan suke barin robar ta nuna kanta roba ce. Ba Japan kaɗai ke yin haka ba, Sam Raimi ya yi a Evil Dead II a 1987, Peter Jackson ma kafin ya yi The Lord of the Rings ya yi Braindead a 1992 a ƙasarsu New Zealand.

Wani lokacin kuma akwai habaici a ƙarƙashin shirmen. A Tokyo Gore Police an sayar da rundunar 'yan sanda ga kamfani mai zaman kansa, kuma ana katse labarin da tallace-tallacen ƙarya na talabijin, har da wanda ake tallata wa 'yan mata kayan yi wa kai rauni cikin fara'a da kiɗa. Fim ɗin ya fito ne shekara ɗaya bayan an fara mayar da hukumar gidan waya ta Japan hannun kamfani a 2007, kuma a cikin shekarun da masu kashe kansu a ƙasar suke haura 30,000 duk shekara, daga 1998 har 2011. Mai kallo a Tokyo zai gane inda aka dosa. Mai kallon guntun bidiyo a wata nahiya ba zai ga komai ba sai wuƙa.

Masu suka da masu karewa

Masu karewa hujjarsu mai ƙarfi ce ta wani gefen. Japan tana cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya, bai kai mutum ɗaya cikin 100,000 ba a shekara, kuma mallakar bindiga a can abu ne mai matuƙar wuya. Da a ce kallon jinin roba yana mayar da mutum makashi kai tsaye da ba haka lissafin zai kasance ba. Sannan suna da hukumar tantancewa mai suna Eirin wadda take raba fina-finan sinima gida huɗu, G na kowa, PG12 wanda 'yan ƙasa da shekara 12 suke buƙatar jagorancin iyaye, R15+ na 'yan shekara 15 zuwa sama, da R18+ na 'yan shekara 18 zuwa sama, kuma irin waɗannan ba a ajin yara suke faɗawa ba.

Amma ni ban yarda maganar ta ƙare a nan ba, domin abin da ya fi damuna a waɗannan fina-finai ba jinin ba ne. Na farko yadda ake nuna mata. Gaskiya ne mace ce jaruma a yawancinsu, ita take sara ita take cin nasara, amma kyamarar ba ta daina leƙen jikinta ba, kuma sau da yawa cikin kayan 'yar makaranta. Iguchi daga masana'antar fina-finan batsa ya fito, haka wasu cikin 'yan wasan da ake ɗauka, kuma ana ganin wannan a yadda ake ɗaukar hoton. Na biyu ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na baƙaƙen fata. A Vampire Girl vs. Frankenstein Girl na 2009 akwai 'yan mata da aka shafa wa baƙin fenti aka yi musu manyan leɓɓa na roba wai suna kwaikwayon baƙar fata. Masu kare fim ɗin sun ce ai wani yayin 'yan matan Tokyo masu ƙona fata ake yi wa ba'a, to amma sifar da aka zaɓa ita ce dai tsohuwar sifar cin mutuncin da aka daɗe ana yi mana, kuma ba wani bayani da zai wanke ta a idona.

Ga mai kallo Musulmi kuma akwai wani nauyin daban. Mun taso da ayar Suratul Isra'i da take cewa Allah ya karrama ɗan Adam, da hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kan yi wa gawa gunduwa-gunduwa ko da a fagen yaƙi ne. Wanda ya ce zuciyarsa ba za ta iya dariya a kan jikin mutum ana daddatsa shi ba ko da na roba ne, ba ƙauyanci ya yi ba, kuma ba sai an ce masa bai gane fasaha ba. Fahimtar yadda aka yi abu da dalilin yinsa daban, amincewa da shi daban.

Sai kuma ma'aikatan. Fim mai araha wani ne yake biyan kuɗin arahar da jikinsa, masu haske da masu kwalliya da ƙananan 'yan wasa da suke kwana a lokeshan jiƙe da jan ruwa cikin sanyi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙorafin dogon aiki da ƙarancin albashi da cin zarafi a masana'antar fim ta Japan ya fito fili sosai a 2022, har daraktoci irin su Hirokazu Kore-eda suka haɗu suna neman gyara.

Fim ɗin yen miliyan 3

Bayan mutane sun ɗauka zamanin ƙaramin fim ɗin jini ya wuce sai ga One Cut of the Dead. Shinichiro Ueda ne ya yi shi a 2017 da kusan yen miliyan 3 na kuɗin Japan, wato wajen dala 25,000 a lokacin, cikin kwana takwas, da 'yan wasan da ba wanda ya san su, waɗanda aka samo daga wani kwas na makarantar koyon fim ta Enbu Seminar a Tokyo. Ya fara ne da minti 37 na ɗauka ɗaya ba yankewa, wasu 'yan fim suna ɗaukar fim ɗin gawarwaki masu tafiya a tsohuwar matatar ruwa sai gawarwakin gaske suka far musu. Mai kallo zai ga abubuwa da yawa da suka yi kama da kuskure, ɗan wasa ya yi shiru ba dalili, kyamara ta faɗi ƙasa ta daɗe, sai a kashi na biyu a koma baya a nuna maka abin da yake faruwa a bayan kyamarar da ya jawo kowane ɗaya, kuma a nan dariyar take, har da tausayi, don labarin ya koma na uba da 'yarsa da ƙaramin ayarin ma'aikata da suka ƙi bari aiki ya rushe.

An fara haska shi a wata sinima mai kujera 84 a Tokyo na kwana shida. A 2018 ya je bikin Udine a Italiya aka miƙe ana tafa masa, ya dawo gida labari ya bazu daga baki zuwa baki, ya tashi daga sinima biyu zuwa ɗaruruwa, ya tara sama da yen biliyan 3 a Japan, wato ya ninka kuɗinsa sau dubu. Faransawa suka sake yin sa da yarensu, Michel Hazanavicius ya ba da umarni, kuma da shi aka buɗe bikin Cannes na 2022. Nasarar ba ta zo ba rigima ba, wani mai wasan dandamali Ryoichi Wada ya fito ya ce daga wasansa aka ɗauki tsarin labarin, daga baya aka sasanta aka sa sunansa.

Abin lura a nan shi ne wannan karon mutanen Japan ɗin ne da kansu suka cika sinima, kuma fim ɗin da ya ja su shi ne wanda jininsa bai kai na sauran ba, babu tsiraici, labarinsa kuma a ɗaure yake tamau. Duk ɗan Kannywood da yake kukan rashin jari ya kamata ya nemi wannan fim ya zauna da biro da takarda, ba don ya kwaikwayi jinin ba, don ya ga yadda aka yi watanni ana gyaran rubutu da atisaye kafin a kunna kyamara, tunda a nan ne mai ƙaramin kuɗi yake iya yin gogayya.

Abin da ya shafi mai waya a hannu

Alamar R15+ ko R18+ a ƙofar sinima take aiki da bangon faifai. Da zarar an yanko daƙiƙa arba'in mafi muni an ɗora a intanet, alamar ba ta biyo shi, barkwancin da ya zo kafin wurin da bayansa ma bai biyo shi, saura yankan kawai. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 tana iya kiran furodusa ko mai gidan kallo, amma ba ta da hanyar tsayawa tsakanin yaro da wayar yayansa, ko katin da aka cika masa da fina-finai a wurin masu turawa a kasuwa ba tare da an duba me aka zuba ba. Babba yana ganin feshin ya gane roba ce, yaro ɗan shekara bakwai bai kai nan ba, a wurinsa an cire wa mutum kai ne kawai, kuma firgita cikin barci da tsoron duhu bayan irin wannan kallo abu ne da iyaye da likitocin yara suka sani.

Akwai kuma masu ɗaukar irin wannan hoto su canja masa labari, su ce ga abin da aka yi wa wasu a gari kaza, a ƙasar da rikicin ƙabilanci da na addini ba ya buƙatar man fetur da yawa. Kafin ka tura, duba jinin ko ya yi ja da yawa yana feshi ba ƙaƙƙautawa, duba ko hoton yana sauya kusurwa, don bidiyon gaske da aka ɗauka da waya ɗaya ba ya nuna fuska kusa sannan ya koma nesa sannan ya dawo, saurari kiɗan da yake ƙasa, sannan in kana da data ka ɗauki hoton allon ka saka a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa sunan fim ɗin da shekararsa za su fito maka nan take.